Jakar Cittar da Na Ciro Daga Kayanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Bawa Wanzami a Tambuwal, zuwa ga ɗana Magaji, a Fakku ta ƙasar Kebbe.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fatan lokacin da idonka zai faɗa kan wannan takarda kun riga kun sauka lafiya, kai da iyalinka Kulu, jakuna ba su ba ku wahala a mashigin gulbi ba, kun kuma tarar da surukanka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya tsare ku a masauki, Ya sa garin ya karɓe ka. Tun da nasu wanzamin ya rasu suka aiko neman ka, na san kawuna sun yi gashi suna jiran ka, to Allah Ya sa wa askarka albarka.

Ina rubutun nan yau Laraba bayan azahar, a zaure, ku kuma gobe da sassafe za ku kama hanya. Zan cusa takardar a aljihun ciki na zabirarka, inda kake ajiye 'yar tsaga, don na san nan za ka fara buɗewa. Kada ka yi mamakin uba ya rubuta wa ɗan da yake gida ɗaya da shi. Kai ne ɗan farina. Shekara ashirin da 'yan kai ina koya maka riƙon aska, ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido da ido na yi maka doguwar magana ba. Kunyar nan da ita muka tashi, kuma ba yau zan iya yar da ita ba. Alƙalami shi ba ya sunkuyar da kai, shi ya sa na ɗauko shi.

Ɗazu da hantsi na je duba igiyoyin kayanku, don ɗaurinka har yanzu sai a hankali. Ina ja sai ƙamshi ya bugi hancina. Na kwance mangala na tarar da jakar citta, ta fi tiya guda, an tura ta can ƙarƙashin tabarmi kamar kayan sata. Na tambayi Gwaggonka Hajo, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa mini gaskiya: mako biyu ke nan kana dafa citta a gidan maƙwabta kana kawo wa Kulu safe da yamma, wai zuciyarta na tashi kuma ƙafafunta na sanyi. Ga ta da cikin wata bakwai. To na ciro jakar. Idan ka nema ba ka gani ba kada ka zargi kowa a hanya, ubanka ne ɓarawon.

Na san abin da za ka ce a ranka: tsohon nan da ƙiyayyarsa da citta. Ka tashi a gidan da ba a saka ta a kunu, ba a saka ta a fura, ba a daka ta a yaji. Kana ƙarami ka tambayi Gwaggonka dalili, ta ce ubanka ba ya son ƙamshinta. Rufa mini asiri ta yi. A duk Tambuwal ba a yi mai son citta kamata ba, har akwai tsofaffin da in sun so tsokanata suke ce mini Bawa Citta. Ka karanta a hankali ka ji yadda aka yi, don lafiyar yarinyar nan da abin da take ɗauke da shi suna cikin maganar.

Ina saurayi nakan bi kakanka cin kasuwar Jega, mu shimfiɗa buzu mu yi wa fatake aski. Wata damina mura ta kama ni, tari har muryata ta dushe. Wata tsohuwa mai sayar da kayan yaji ta ga ina riƙe da aska ina ta tari, ta kira ni ta ba ni ɗan ƙoƙo na ruwan citta da tsamiya da zuma. Kafin a tashi kasuwa hancina ya buɗe, na ji jikina ya dawo. Fataken suka ce daga kudancin Zazzau ake kawo ta, wai har Turawa na saye suna kaiwa ƙasarsu. Ni kuwa daga ranar na ɗauka na samo maganin duniya. Ba zan yi mata ƙarya ba ko yanzu: tana taimakon mura, tana kwantar da tashin zuciya, tana saukar da kumburin ciki. Abin da ban sani ba shi ne tana da iyaka, kuma babu wanda ya gaya mini.

A kaina na fara. Azumi ya faɗo cikin bazara, na ce bari in yi dabara. Na daka citta cike da tafin hannu, na dafa har ruwan ya yi duhu, ana kiran magariba na ɗaga ƙwarya na shanye, ko dabino ban sa a baki ba. Magaji, ban kai raka'a ta biyu ba. Ƙirjina ya ɗauki wuta, gumi ya wanke ni, na fita daga sahu na durƙusa a gindin bango ina kakari. Kakanka ya sallame ya fito ya tsaya a kaina ya ce, "Mi yas same ka, Bawa? Garwashi kac ci?" Mutane suka yi ta dariya, ni ma daga baya na yi. Kwana uku komai na haɗiya sai na ji shi yana sauka kamar a kan gyambo.

Saboda haka kada ka sha ta cikinka wayam, kada kuma ka ba wani haka. A fara cin abinci, ko ɗan tuwon ɗumame ne, sannan ta biyo baya, tsararo ba mai kauri ba. Duk wanda ya ce maka yana fama da ƙwannafi, ko cikinsa na ƙuna in yunwa ta kama shi, to ka nema masa wani abin. Da na ɗauki wannan darasin yadda ya kamata, da nan labarin ya tsaya. Ni abin da na koya kawai shi ne in riƙa cin tuwo tukuna.

Bayan na yi aure na zama mai kaina, sai na fara saye da yawa. Wata shekara na sami fatake suna gaggawar komawa kafin ruwa ya sauka, na kwashi rabin buhu da araha, na zuba a tsohon tulu na rufe da faifai na liƙe bakin da laka don kada ɓera ya shiga. Ɓera bai shiga ba, amma laima ta shiga. Da tsakiyar damina na buɗe na ga ta yi fumfuna, wasu ƙwari sun huda su. Na ji zafin asara. Na kankare bayan da wuƙa, na shanya a rana, na dake, na ce ai zafinta ya kashe komai. Gwaggonka Hajo ta zo ganin gida tana ɗan tari, na dama mata. Kwana biyu tana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Da ta samu kanta ta ce, "Bawa, wagga citta taka ta kusa kai ni lahira. In ka ƙara ba ni magani sai na fasa maka tulun a kai." Har gobe in muka yi faɗa sai ta tono tulun nan.

In za ka saya, ka karya guda ka duba cikinta, ka shinshina. Mai kyau cikinta fari ne fes, ƙamshinta na tsaye. In ka ga baƙi-baƙi ko kore, ko gari na zubowa daga huda, ko tana warin ɗakin da ya daɗe a rufe, ka zubar, kankarewa ba ta gyara ta. Ka sayi kaɗan, ka rataye a madafi inda hayaƙi ke kaiwa. Taka ɗin nan da na ciro na zauna na kakkarya, kusan kashi ɗaya cikin uku ƙwari sun riga ka. Wanda ya sayar maka ya ga baƙon ciniki.

Wannan duk abin dariya ne. Abin da ke biye ba na dariya ba ne, kuma ya shafi sana'arka kai tsaye.

Akwai wani mutumin Sanyinna, Dikko, manomi ne mai shanu, duk shekara sai na je na yi masa ƙaho saboda ciwon baya. A shekarar da ake da cikinka na ce masa, kafin in zo ya yi mako yana shan citta mai kauri, wai don ta taso da mataccen jini, ƙaho ya same shi a kusa. Daga kaina na ƙago wannan, kakanka bai koya mini ba. Dikko kuwa mutum ne da in ka ce masa ɗaya sai ya yi uku. Ya sha safe, ya sha rana, ya sha yamma. Na iso da hantsi, muka zauna a zaurensa, na kafa ƙaho shida, na yi tsaga yadda na saba, ban zurfafa ba. Na zuƙa, na toshe hudar ƙahon da jijiya, na jira, na cire, na zubar. Sai tsagar ta ƙi rufe baki. Na goge, ta sake kawowa. Na barbaɗa garin bagaruwa, jini ya ture shi. Na danna da tsumma har yatsuna suka sage.

Dikko da bakinsa ba ya mutuwa, yana kife a tabarma ya ce, "Wanzam, in ka gama ɗiba ka rage mini ɗan na kai shanu mashaya." Muka yi dariya, amma na ga leɓensa ya yi fari. Uwarsa, wata tsohuwa siririya, ta leƙo ta dubi tsumman ta dube ni ta ce, "Wanzam, mi kab ba shi yas sha? Wanga jini ba shi da nauyi, ruwa-ruwa ya yi." Na ce, "Inna, mugun jini ne, da ma shi muka zo nema." Sai wajen azahar jinin ya tsaya. Da Dikko ya miƙe jiri ya kwashe shi, sai da muka riƙe shi mu biyu.

Ka san abin da na yi a hanyar dawowa? Yabon kaina na yi. Na shigo Tambuwal ina ba abokaina labarin yadda dabarata ta fitar da jinin shekara goma a zama ɗaya. Tsohuwar nan ta nuna mini abin da idona, na kau da kai don mace ce kuma ba wanzamiya ba. Da na tsaya na yi tunani ko na yini ɗaya ne a kan maganarta, da wataƙila rayuwarka ta zama daban.

Don haka kafin askarka ta taɓa fatar mutum, ƙaho ne ko kaciya ko cire haƙori, ka tambaye shi me yake sha a 'yan kwanakin nan. In ya ce yana ɗirkar citta, ka ce ya bari, ka dawo bayan mako. Wanda kake ganin yana yawan haɓo, ko dasashinsa na jini in ya yi asawaki, kada ka kusa da shi da ita da yawa. Ɗan abin da ke cikin kunu da miya ba shi nake nufi ba, ina nufin irin dafin da ni da kai muke yi da sunan magani.

Yanzu na zo inda alƙalamin ke yi mini nauyi. Uwarka 'yar Sanyinna ce, shi ya sa kowa ke kiranta Ta-Sanyinna. Da cikinka ya tsufa kamata ya yi ta tafi goyon ciki gidansu, amma uwarta ta rasu tun tana ƙarama, sai Hajo, da mijinta ya rasu a lokacin, ta dawo gidan nan don ta kula da ita. Daminar ta yi ruwa sosai. Uwarka ta riƙa cewa ƙafafunta na sanyi, bayanta na riƙewa. Ka san yadda muke tsoron sanyi ga mai ciki da mai jego, mun yarda in ya shiga jiki sai an kore shi da zafi. Ni kuma a lissafina, in zafi kaɗan ya kori sanyi kaɗan, to zafi mai yawa zai kore shi duka. Na sayo sabuwar citta mai kyau, wannan karon babu ƙwaro ko ɗaya. Ni da kaina nake hura wuta ina dafawa, matan unguwa na leƙe ta danga suna dariyar namiji a murhu. Ban damu ba, don ina son ta, kuma ina jin wannan ita ce hanyar da zan nuna mata.

Wata biyu tana sha safe da yamma. Ba mai musu ba ce. Sau ɗaya ta riƙe ƙoƙon ta daɗe ba ta kai baki ba, ta ce, "Maigida, wagga aba tana ƙona mini ƙirji. A rage ta ko kaɗan." Na ce mata raguwa, na ce ɗan da ke cikin nan jarumi ne, ba ya son uwa mai tsoron yaji. Ta yi murmushi ta shanye. Wata safiya ta nuna mini asawakinta, bakinsa ya yi ja. Na ce sanyi ne ke fita. Wata uku kacal tsakanin wannan da tsumman Dikko, amma kaina bai haɗa su ba.

Naƙuda ta tashi ranar Juma'a da sassafe. Aka kira ungozoma, ni ina waje bayan danga, na kasa zaune na kasa tsaye. Mutum in ya rasa abin yi sai ya koma ga abin da ya iya. Na hura wuta na dafa mafi kaurin da na taɓa dafawa, na kira Hajo na ce ta kai, zai sa abin ya zo da sauri. Ta shiga ta fito da ƙoƙon a cike, ta ce ungozoma ta ce, "Ki ce mishi ta ishe haka, ba a ba mai naƙuda wanga abu." Raina ya ɓaci. Na ce ni da ita wa ya san magani? Na ɗaga murya yadda za a ji a ciki. Uwarka ta ji, kuma don kada a ce ta ƙi maganar mijinta a gaban mutane, ta ce a miƙo. Hajo ta dawo mini da ƙoƙon babu komai.

Da hantsi aka haife ka. Na ji kukanka, na ji guɗa. Na koma zaure na ɗauko dutsen wasa ina wasa askar da za a yi maka askin suna, ina amsa barka. Can sai na lura guɗar ta tsaya. Hajo ta fito da sauri ta kwashi tsummokara, ba ta dube ni ba. Ta sake fitowa ta ɗauki zanen da ke kan igiya. Na tashi na kwaso duk bagaruwar da ke zabirata na miƙa ta kan danga, na san ba za ta yi ba, amma ita ke gare ni. A lokacin babu ɗakin magani a nan, babu hanyar mota, ko da akwai ma ruwa ya cinye ta. Aka tafi masallacin Juma'a aka dawo ina tsaye a wurin. Kafin la'asar ta cika.

An gaya maka ta rasu wurin haihuwarka, kuma gaskiya ne. Na san ka ɗauki wannan a ranka kamar kai ne sanadi, na sha ganin haka a fuskarka in ana zancenta. Ka sauke, Magaji. Kai ba ka miƙa wa kowa ƙoƙo ba.

Ban ce citta ce ta kashe ta ba. Ajali ne, kuma mata da yawa sun tafi ta wannan hanyar ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Bayan shekaru da hukumar En'e ta gina ɗakin magani, ni nake yi wa malamin asibitin aski duk mako. Wata rana kansa na hannuna na ba shi labarin kamar na wani ne a ƙauye. Ya ce citta kaɗan ba ta da laifi ko ga mai ciki, amma shi ba zai ba wanda zai zubar da jini mai yawa haka ba, ya kuma ce abubuwa da dama kan kawo zubar jini bayan haihuwa, ba zai iya rantsuwa a kan ɗaya ba. Na so ya ce mini ba ruwana, ko ya ce mini ni ne, ko wanne zan iya ɗauka. Ya bar ni a tsakiya, kuma nan nake har yau. Abin da na tabbata shi ne mata uku sun gaya mini in dakata, uwar Dikko da ungozoma da ita kanta, ban saurari ko ɗaya ba. Wannan kam nawa ne, kuma yana yi mini ciwo kullum.

Kuskurena na ƙarshe kai na yi wa. Bayan kwana uku na kwashi sauran cittar na kai bakin gulbi na watsar, na dawo na ce kada in ƙara jin ƙamshinta a gidan nan. Kana shekara shida mura ta kama ka, kana tari har kana amai, Hajo ta roƙe ni ɗan ƙanƙanin abu a kunu da zuma, na hana. Ka yi kwana goma kana wahalar da wataƙila da ta yi sauƙi tun a na uku. Na hana ba tare da na faɗi dalili ba, na koya maka yadda ake wasa aska da yadda ake kafa ƙaho, na ɓoye maka abin da ya fi su tsada a wurina. Ɗazu da na tsaya riƙe da jakarka ina faɗa, Hajo ta bar ni na gama sannan ta ce, "Kai ka hana mishi sani, Bawa. Ga shi ya tafi ya koyo ga 'yan kasuwa." Na dubi jakar da ke hannuna. Na ga kaina a jikinka, saurayi mai son matarsa, yana hura wuta a ɓoye.

To ga abin da na yi. A aljihun da ka sami takardar nan akwai ƙullin tsumma. A ciki akwai citta guda biyar da na zaɓa daga taka, masu kyau, da wani ɗan tsinin ƙaho da bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Daga tsohon ƙahon kakanka da ya tsage na yanko shi, na toshe hudar da kakin zuma. Shi ne ma'auninka. Garin citta cikinsa ɗaya, a ƙwaryar kunu, sau ɗaya a yini, bayan ta ci wani abu, kuma sai ranar da zuciyarta ke tashi ta nema da kanta. Sanyin ƙafa kuwa a ɗumama ruwa ta tsoma, a rufa mata bargo, ya wadatar. In ta ga ɗigon jini ko a asawaki ne, a daina nan take. Da watan haihuwa ya kama ka rataye ƙahon a bango. Ranar naƙuda kada ka miƙa komai ta kan danga sai abin da ungozoma ta nema. In hannunka ya matsu da son yin wani abu, ka ɗauki gatari ka faskara itacen wankan jego, za a buƙace shi da yawa.

Bayan ta sauka ma, a bar jini ya ja baya tukuna kafin a cika mata yajin jego, a fara da kaɗan. Jariri kuwa babu ruwansa da citta, nonon uwarsa ya ishe shi. Na san a gidan iyayenta za ta haihu, kuma ba ka da bakin gaya wa surukarka yadda za ta daka yajinta. Ka karanta wa Kulu wannan takarda, duka, kada ka tsallake inda ban yi kyau ba. Ita za ta san yadda za ta gaya wa uwarta. Na yarda asirina ya fita har Fakku in dai zai yi amfani.

Wani abu kuma, tun kana sabon zuwa ka bincika wa ke da doki mai gudu a garin, ina ne ɗakin magani mafi kusa, ta ina ake ƙetare ruwa in ya cika. Ka yi wannan yanzu da hankalinka ke kwance. In ka ga jini ya wuce yadda mata suka saba gani, kada ka tsaya bayan danga kana jiran a gama kunya, ka tayar da mutane a nemo taimako. Fiye da duk wannan, ka riƙa jin maganarta. Jikinta ne, ita ta san inda ke ƙuna. In ta ce a rage, ka rage, kada ka mayar da abin wasa kamar yadda na yi.

Sauran cittar mai kyau na ba Hajo. Ta ce jibi za ta saka ɗan kaɗan a kunun safe, karo na farko tun ranar Juma'ar nan. Ban sani ba ko zan iya sha, amma na ce mata ta dama.

Ranar sunanka babu kiɗa, babu taro, ni na yi maka aski da askar da na wasa, Hajo na riƙe da kai, ɗakin uwarka a rufe. Wannan karon in an sauka ka aiko, ko gulbi ya cika zan nemi mai fito. Ni zan yi askin. Namiji ko mace duk ina so, ba shi nake roƙo ba. Roƙona in ina cikin askin in tambayi mai jego, a ce mini tana ɗaki tana shan kunu, in ji muryarta ta amsa gaisuwata. In kuma mace ce, ka san sunan da nake so a raɗa mata. Ba ka taɓa jin sa a bakina ba, kuma ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Ka gaida surukanka da kyau, ka gaida mai garin da limaminsa. Hajo na gaishe ku, ta ce kada ka manta da man shanun da ta sa a cikin tukunya. Allah Ya kiyaye ku daga sharrin hanya da na ruwa, Ya tsare hannunka daga cutar da bayinsa, Ya yi maka albarka. Allah Ya sauki Kulu lafiya, Ya bar ta ta goyi abinta da kanta. Allah Ya gafarta mini, Ya jiƙan Rabi'atu. Amin.

Ubanka,
Bawa Wanzami.